Dutsen Ƙanƙara da Sunan da Ba Na Kira

Tun da na dawo daga dutsen nan mutanen masallacinmu na unguwar Tremont, nan Bronx, suka hana ni sakat. Da an sallame sallah sai Alhaji Bawa, mutumin Kumasi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Isyaku, wai da gaske kai da kare kuka je yawon ƙanƙara?" Sauran su yi ta dariya. Na gaji da ba da amsa gutsi-gutsi a bakin ƙofa ina laluben takalmina, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya, mai dariya ya yi ta yi.

Ba son yawo ne ya kai ni ba. Mutumin da ya tsufa yana tuƙa tasi a garin nan, me ƙanƙara za ta nuna masa? Abba ne ya kai ni. Abba babban ɗana ne, sunan mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa haka. A nan Bronx aka haife shi, amma da ya fara wayo na tura shi Kano wajen Inna, mahaifiyata, ya yi 'yan shekaru a hannunta a Gwammaja. Bayan rasuwar Inna ya kama ɗakinsa a unguwar Harlem, ya je ya ɗauko karya ya ajiye. Ba a tsakar gida ba, a cikin ɗaki, a kan kujerar da baƙo zai zauna. Na ce masa ƙafata ba za ta taka ɗakin da mala'iku ba sa shiga ba, kuma kada ya kuskura ya kawo mini ita gida. Bai yi musu ba. Shi ma sai ya ɗauke ƙafa. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Abba sai a waya, ita ma wayar ta uwarsa.

Rannan ya kira Hajiya, uwar tasa, ya ce an ba shi aiki a Colorado, can yamma da nisa. Bai ba su amsa ba tukuna, wai yana so ya kai ni dutse mu kwana ɗaya kafin ya yanke shawara. Na ce da karyar? Ta ce da ita. Na ce to su sauka lafiya. Hajiya ta ajiye ludayin da ke hannunta ta zauna a gabana.

"Malam, yaron nan ƙofa ya buɗe maka. In ka ƙi shiga tafiya zai yi, kuma ba dawowa zai yi ba. Ni na haife shi, na san shi."

Haka na ɗauki jaka ba don raina ya so ba.

Da safe ya zo da motarsa, bai hau sama ba, a ƙasa ya jira. Ya ce, "Baba, ina kwana," Hausar ta ƙare ke nan. Abba yana jin komai, har zagin da ba a so ya ji, amma da Turanci yake amsawa. Duk maganar da zan ce ya yi a nan, ni ne na mayar da ita Hausa. Karyar tana kujerar baya, ƙatuwa, baƙa da fari, kunnenta ɗaya a miƙe ɗaya a kwance. Hajiya ta taɓa gaya mini sunanta Kandi, wai alewa ke nan da Turanci. Na ce a raina, alewa mai haƙora.

Muka haye gada muka miƙi hanyar arewa, kogi yana gefenmu duk ya daskare baki-baki. Tafiya mai tsawo, amma ba shinge ko ɗaya, ba wanda ya leƙo ya ce ranka ya daɗe me ka kawo mana. A hanyar Kano zuwa Kaduna da an tsayar da mu, da mun sami abin tanka wa juna. Nan kuwa shiru kawai, sai numfashin karyar a ƙeyata, da ɗumi da wari. Na tanƙwara gaba na riƙe gwiwoyina, haka na yi tafiyar har bayana ya riƙe.

Muka tsaya gidan mai muka shiga shan kofi. Muna dawowa muka tarar da jakata a buɗe, takarda a yayyage. Kilishin da Hajiya ta ɓoye tun zuwan wani baƙo daga Kano, ta ɗauko ta sa mini don tafiyar nan, karyar ta cinye shi tas, tana ta atishawar yaji. Abba ya fara dariya, can kuma sai ya firgita, ya tsaya a cikin sanyi yana buga wa likitan karnuka waya, yana lissafa masa albasa da citta da barkono. Na tsaya ina kallonsa. Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni, saƙo ya turo wa uwarsa wai a gaishe ni.

Masaukinmu gidan katako ne a gindin duwatsun Catskill, na wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi. Da ta buɗe ƙofa karyar ta fara gaisarwa, har da durƙusawa, sannan ta ɗago ta tuna da mutane. Ɗaki ɗaya, gado biyu, kuma kafin in ajiye jaka karyar ta haye na Abba ta miƙe ƙafa. Na ɗauki dardumata na fita lungun da ake rataye rigunan sanyi, a nan na yi sallolina, tsakanin takalman mutane. Tsohuwar ta zo wucewa ta gan ni a sujada, ta koma da baya a kan yatsun ƙafa, tana ba ni haƙuri cikin raɗa. Ba ta da laifi, mace ce mai kirki. Da aka kawo miya na tambaya me ke ciki, ta ce wake ne, naman aladen ɗan kaɗan ne, don ƙanshi kawai. Na ci burodi da dafaffen dankali, ina tuna kilishina.

Washegari muna karin kumallo, tsohuwar tana soya mini ƙwai a kaskon da na sa ta wanke a gabana, sai ta tambayi Abba sunan karyar.

"Kande," in ji shi.

"Kandi?"

"A'a, Kande. Sunan kakata ne."

Matar ta dafe ƙirji ta ce kai, wannan abu da daɗi yake. Ta juyo wajena fuskarta a sake.

"Mahaifiyarka ce? Lallai ka ji daɗi da ya tuna da ita haka."

Ta ƙara da cewa ita ma kyanwarta sunan yayarta da ta mutu ta sa mata. Na ajiye kofin shayin. Ku da kuke karanta wannan ba sai na yi muku bayani ba. Tun da na buɗe ido a duniya har zuwa ranar, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Inna nake cewa. In mace mai wannan suna ta shiga harkata, mai sunan Inna nake ce mata. Ko yanzu da nake rubuta shi sai da na tsaya na yi jim. Abba ne kaɗai a gidanmu yake kiransa gatsal, don shi jika ne, wasa ne tsakaninsu. Yakan shigo daga makaranta ya ce Kande matata ina abincina, ita kuma ta ce tafi can mijin banza, ko cefane ba ka bayarwa. Wannan daban. Amma karya? A garinmu in kana so ka ci mutuncin mutum har jikokinsa, ka sa wa kare sunansa. Ashe duk tsawon lokacin nan sunan uwata ake kira a titunan Harlem, ana cewa zo nan, zauna, kada ki yi kashi a nan.

Na so in tashi in kama hanyar gida, amma da wace mota? Ko bas ba ya zuwa wurin. Ga kuma maganar Hajiya tana yi mini yawo a kunne. Na haɗiye abin da ke bakina na bi shi.

A bakin daji akwai wani shago inda ake ba da aron takalmin ƙanƙara. Ba takalmi ba ne a gaskiya, wani abu ne kamar dogon faifai, da haƙoran ƙarfe a ƙasa, ana ɗaure shi a ƙarƙashin takalminka don kada ka nutse. Abba ya durƙusa ya ɗaure mini da kansa, ya sa na cire safar auduga ya ba ni ta ulu, ya miƙo mini sanduna biyu. Bai kalli idona ba, ni ma ban kalli nasa ba. In ka sa abin nan dole ka ware ƙafafu kana tafiya kamar yaron da aka yi wa kaciya. Kuma ba a komawa da baya da shi. Ban sani ba, na juya zan ɗauko hulata da reshe ya cire, sai ga ni a kwance ƙafafu a sama. Wasu tsofaffi miji da mata, waɗanda na tabbata sun girme ni, suka ratse mu suna yi mana ina kwana, suka wuce kamar a kan tabarma suke tafiya. Abin mamaki, mutanen da a jirgin ƙasa ba sa kallonka, a daji kowa sai ya gaishe ka.

Muka yi ta hawa. Ba abin gani sai itatuwa da fari, fari, fari. Shirun wurin irin na gidan makoki ne bayan baƙi sun watse. Gemuna ya daskare, yatsuna suka daina jin sanda. Karyar tana gaba tana jan Abba da igiya, tana tsoma hanci a ƙanƙara tana fitowa da farin gemu. Duk wannan hawan bai kira sunanta ko sau ɗaya ba, sai dai ya yi mata fito. Wato ya san abin da ya yi.

Da muka kai wani fili kusa da ƙololuwa ya tsaya ya zuba mini shayi daga fulas. Na karɓa ban sha ba.

"Abba, uwata ka mayar karya?"

"Baba, ba haka ba ne."

"To yaya ne? Matar da ta goya ka, ta yi jinyar ƙyandarka, ta hana kanta nama ta ba ka. Abin da za ka saka mata da shi ke nan? Da tana raye ka iya kallon idonta ka gaya mata?"

"Da dariya za ta yi."

"Rufe mini baki."

Ya rufe. Ya mayar da murfin fulas ɗin, ya ja igiyar ya kama hanyar sauka da sauri, ba ta inda muka hau ba, ta gefe inda ba sawun kowa. Ina biye da shi ina haki. Ban ga lokacin da abin ya faru ba, ƙara kawai na ji. Ƙanƙarar ta rufe wani rami tsakanin duwatsu, ƙafarsa ta dama ta zurma har cinya, jikinsa ya juya ƙafar ba ta juya ba. A daidai nan wasu bareyi suka zabura daga cikin itatuwa, igiyar ta suɓuce daga hannunsa, karyar ta bi su. Kafin in iso ta haye tudu ta ɓace.

Na tona ƙanƙarar da hannu na zaro ƙafar. Gwiwar ta fara kumbura, ko taɓawa ba ya so a yi. Waya ba sabis. Rana ta karkata, kuma a ƙasar nan in ta karkata da hunturu ba ta jiran kowa. Na ce ya dafa ni mu sauka. Ya ce ba inda za shi sai da ita. Ya yi ta kira daga zaune, yanzu kam da sunan, ba ɓoyo, har muryarsa ta dushe. Iska tana dawo masa da kiran.

"Abba, dabba ce. Za ta bi sawu ta dawo."

"Da igiya a wuyanta, Baba. In ta maƙale a wani wuri, a nan za ta daskare. Ka sauka kai kaɗai, ka turo mutane."

Na san wannan fuskar. Ita ya yi mini ranar da na ce kada ya kawo ta gida. Na cire jaket ɗina na sama na shimfiɗa masa ya zauna a kai, na ɗauki sandunana na bi sawun.

Sawun ya haye tudun ya gangara cikin wasu gajerun itatuwa masu duhu, a nan ya cakuɗe da na barewa, na rasa gane wanne ne wanne. Na yi fito, leɓena ya daskare, iska kawai ta fito. Na tafa hannu. Na ce, "Ke." Na ce, "Ke karya, zo nan." Na gwada da Turanci. Har Kandi na ce, na alewa, a hankali, wai ko zan yi wa kaina wayo. Ko motsi. Na tsaya ina tunanin yaron nan zaune a kan ƙanƙara da karyayyar gwiwa, kuma na san ko zai mutu a wurin ba zai tashi ba. Na ce Inna ki yafe mini. Na cika ƙirjina na kira sunan, yadda yake, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Sai na ji haushi daga ƙasa, ta hannun hagu.

Na sake kira, ta sake amsawa. Haka na yi ta kira ina bin muryar har na same ta. Igiyar ta nannaɗe a jikin wani kututture, ta shaƙe ta, ta kwanta tana rawar sanyi. Dole na cire safar hannu na warware da yatsuna. Tana ta lasar hannuna, har fuska, ni kuwa ko kawar da kai ban yi ba, don hawaye nake yi, kuma ba na karyar ba ne. Shekara sittin da ɗoriya ina kiyaye sunan nan, ranar da ya fita daga bakina kare ne ya amsa.

Da muka dawo Abba ya rungume ta ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya rataya hannu a wuyana muka fara sauka, taki ɗaya mu huta, igiyar a ɗaure a ƙuguna. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Rabon da in ɗauke shi tun yana ɗan mitsitsi a filin jirgi zan miƙa shi Kano. Muna cikin tafiya ya ce, "Na ji ka."

Na gyara hannunsa a wuyana.

"Ban taɓa jin ka faɗa ba sai yau. Da kakata ta rasu, mutane suka cika gida a Tremont, aka ci shinkafa, aka yi addu'a, kowa yana cewa tsohuwa, marigayiya, mahaifiyar Malam. Ba wanda ya faɗi sunanta. Kai ma ba ka faɗa ba. Na ɗauka ba ka son tunawa da ita ne. Sai na ga in ban yi wani abu ba, a ƙasar nan ba bakin da zai sake kiran sunan."

Na so in ce masa rashin faɗar shi ne girmamawar, shi ne son. Na juya maganar da Hausa, na ga a kunnensa ba za ta zauna ba. Na juya ta da Turanci, na ji ta zama wata banza. Yaron da ya yi shekaru a Gwammaja, ya iya cin tuwo da hannu, ya iya durƙusa wa manya, ashe wannan ɗaya ba wanda ya gaya masa, don a can ba abin da ake gaya wa mutum ba ne. Na ce masa ya kula da dutsen da ke gabansa.

Tsofaffin nan miji da mata su suka cim mana a hanya. Mijin ya kama ɗaya kafaɗar, matar ta yi gaba ta kira mota. A asibitin garin aka ce jijiyar gwiwa ce ta yage. Ba a shiga da kare, don haka ni na tsaya a wajen ajiye motoci da igiya a hannu har aka gama ɗaure shi. Ni na tuƙo mu zuwa gida. Da na shiga Hajiya ta ga gashin kare a jikin wandona, ta dube ni, ta je ta haɗa mini ruwan wanka.

Bayan 'yan makonni Abba ya zo gida, da sandunan guragu, ya hawo benen nan namu da ƙyar. Shi kaɗai ya zo, ya bar ta wajen abokinsa. Hajiya ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, ya ci ya ƙara, tana zaune tana kallonsa kamar za a ƙwace mata shi. Da ya wanke hannu ya ce ya karɓi aikin, da gwiwar ta warke zai tafi. Hajiya ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta bar shi yana zuba.

Na ce masa Allah ya sa alheri, ya tsare, ya ba da sa'a. Na ce ƙofar gidan nan a buɗe take gare shi ko yaushe. Sannan na ce abu ɗaya nake roƙo, ba umarni ba, roƙo. Ya canja mata suna.

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, da Hausa ya yi maganar, Hausar yaran Gwammaja da na ɗauka ta daɗe da mutuwa a bakinsa.

"Baba, in na canja, wa zai riƙa kiran sunan?"

Na buɗe baki in ce masa ni. Yana ta jira, hannunsa a kan sandunan. Har ya miƙe ya yi wa uwarsa sallama ya fara sauka, ina jin ƙarar sandunan a kan matakala, ban iya faɗa ba.